Tukuicin Kati da Sirrin da Ke Fita Daga Wayarka

  Yau zancenmu a kan wani aiki ne da ya shigo mana ta wayar salula, wanda da yawanmu muke yi, wasu da saninsu, wasu kuwa ba su ma san an sa su aiki ba. Aikin shi ne tara bayanai daga hannun jama'a ta waya. Za mu duba ɗan tukuicin da ake bayarwa a kai, da abin da ke fita daga wayar mutum lokacin da yake murnar tukuicin.

Shekarun baya, idan hukuma ko kamfani yana son sanin farashin masara a kasuwanni ɗari, sai ya ɗauki ma'aikata, ya ba su mota da mai da kuɗin kwana, su yi ta zagaye da takarda da biro. Kafin su dawo su haɗa rahoto, farashin ya riga ya sauya. Yanzu kuwa babu kasuwar da ba ta da mai waya a aljihu. Sai a ce masa ya ɗauki hoton tiyar masara, ya rubuta kuɗinta, ya turo, a saka masa ɗan abin sayen kati. In mutum dubu suka yi haka, kafin la'asar an san yadda hatsi ya kwana daga Dawanau har Maraɗi.

Akwai kuma wanda ba sai ka taɓa komai ba. Idan ka buɗe taswirar Google ka ga titi ya yi ja alamar cunkoso, wayoyin da ke cikin motocin da ke kan titin ne suka ba da labari, domin suna aika inda suke da saurin tafiyarsu. A farkon 2020 wani mai fasaha a birnin Berlin na Jamus, Simon Weckert, ya nuna yadda ya zuba wayoyi 99 a 'yar amalanke, ya kunna musu taswira, ya riƙa jan su a hankali a kan titin da kusan babu mota. Sai ga titin ya yi ja a taswira. Na'urar ba ta da ido sai wayoyinmu.

Kada wani ya ɗauka na zo ne in kushe wannan aiki. Ya yi amfani, kuma a nan gida muka gani. A 2016 aka fara wani tsari mai suna AVADAR a Najeriya, da haɗin gwiwar Hukumar Lafiya ta Duniya da gidauniyar Gates, domin farautar cutar shan inna. An raba wayoyi ga mutanen da ke zaune cikin al'umma, irin su ma'aikatan lafiya na karkara da masu maganin gargajiya. Duk mako wayar kan nuna musu ɗan gajeren bidiyo na yaron da gaɓoɓinsa suka saki, ta tambaye su ko sun ga irinsa. In sun gani sai su danna, saƙo ya tafi, jami'in sa ido kan cututtuka ya zo ya duba yaron. Daga baya tsarin ya kai Nijar da Chadi da Kamaru, ya shiga lungunan yankin Tafkin Chadi da ma'aikata ke shan wuyar isa. Irin wannan sa ido yana cikin abin da ya taimaka har aka ayyana Afirka ta rabu da shan inna na asali a watan Agustan 2020. A Kenya ma, lokacin rikicin da ya biyo bayan zaɓen Disambar 2007, wasu matasa, ciki har da lauya Ory Okolloh, sun kafa Ushahidi, inda jama'a ke tura labarin wuraren da ake kashe-kashe da ƙone-ƙone, ana sakawa a taswira kowa ya gani.

To, mai sauraro, ina matsalar take? Hoton masarar da ka tura ba shi kaɗai yake tafiya ba. Sau da yawa yana tafe da daidai wurin da ka tsaya, da lokacin, da irin wayarka, da wata lamba da ta bambanta wayar da ta kowa. Masu karɓa kuma suna da maganar kwantar da hankali guda ɗaya da suke maimaitawa: ai mun cire sunanka. Ina so mu tsaya a kan wannan magana, domin ita ce ta fi ruɗar mutane.

A 2013 wasu masana daga jami'ar MIT ta Amurka da jami'ar Louvain ta Beljiyam, ƙarƙashin Yves-Alexandre de Montjoye, sun binciki bayanan zirga-zirgar mutum miliyan 1.5 na tsawon wata 15. Babu suna ko ɗaya a ciki. Abin da ke akwai kawai shi ne turken sadarwar da kowace waya ta kama, da sa'ar da ta kama shi. Sakamakon da suka samu shi ne, in ka san wurare 4 da mutum ya kasance da lokutansu, za ka iya ware shi daga cikin taron a kashi 95 cikin 100 na mutanen.

Mu kawo shi kusa. Ɗauki wani mai sayar da yadi. Wayarsa tana kwana a Kurna. Ƙarfe tara na safe tana Kantin Kwari. Ran Juma'a da azahar tana wani masallaci. Duk daren Laraba kuma tana wani layi a Hotoro. Mutum nawa ne a faɗin Kano suka haɗa waɗannan huɗun? Shi kaɗai ne. Kamar yadda mai bin sawu ke gane dabbarsa a cikin garke ba tare da ya ga fuskarta ba, haka mai riƙe da waɗannan bayanai zai gane shi. In kuwa ya gane shi, to ya gane sauran tafiyarsa duka: asibitin da yake zuwa bai gaya wa kowa ba, gidan da yake neman aure, da ranar da yake ɗaukar ciniki zuwa banki. A zamanin da ake sace mutane don kuɗin fansa, wannan na ƙarshen kaɗai ya isa ya hana mutum barci.

Ko manyan sojojin duniya ba su tsira ba. Akwai wata manhajar masu motsa jiki mai suna Strava, wadda a ƙarshen 2017 ta fitar da taswirar hanyoyin da masu amfani da ita ke gudu, babu sunan kowa. A Janairun 2018 wani ɗalibi ɗan Ostireliya mai shekara 20, Nathan Ruser, ya lura da wasu zare-zaren haske a tsakiyar duhun hamadar Siriya da Afganistan. Ashe sojojin Amurka ne da na ƙawayenta ke zagayen motsa jiki a cikin sansanoninsu, suka zana wa duniya siffar sansanonin da ƙafarsu. Sai da ma'aikatar tsaron Amurka ta kafa dokar hana dakarunta kunna bin sawu a fagen aiki.

Labarin da ya fi taɓa mu kuwa na Muslim Pro ne, manhajar da jama'a da yawa suka sauke don lokutan salla da alƙibla da karatun Alƙur'ani. Dole ta san inda kake kafin ta gaya maka lokacin Magariba, don haka babu wanda ya ga aibin ba ta izini. A Nuwambar 2020 ɗan jarida Joseph Cox na kafar Motherboard ya bankaɗo cewa bayanan wuraren masu amfani da ita suna zuwa hannun wani dillalin bayanai mai suna X-Mode, wanda cikin abokan cinikinsa akwai 'yan kwangilar rundunar sojan Amurka. A lokacin an sauke manhajar kusan sau miliyan 100. Masu Muslim Pro sun musanta cewa sun sayar wa sojoji wani abu, sun kuma yanke hulɗa da X-Mode. A Janairun 2024 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta haramta wa dillalin sayar da bayanan wurare masu haɗari ga sirrin mutane, irin su asibitoci da wuraren ibada. Bawan Allah da ya ba da izini don ya san alƙibla bai taɓa jin sunan X-Mode ba. Haka kasuwar take: wanda ka ba shi ne na farko, ba shi ne na ƙarshe ba.

Wani abin da ba mu cika tunawa ba shi ne, wayarka ba sirrinka kaɗai ta ɗauka ba. Lambobin da ke ciki na mahaifiyarka ne, da matarka, da malaminka, da abokin cinikinka. Duk wanda ya taɓa ganin Truecaller ya nuna sunan baƙuwar lamba da wani laƙabin da 'yan unguwa kaɗai suka sani, ya san daga wayoyin jama'a irin waɗannan sunaye ke fitowa. Mun kuma ga abin da wasu manhajojin ba da bashi suka yi. Mutum ya ci bashin 'yan dubbai, ya makara da biya, sai a bi lambobin wayarsa ɗaya bayan ɗaya ana tura saƙon cewa shi macuci ne. A Agustan 2021 hukumar NITDA ta Najeriya ta ci tarar kamfanin Soko Lending naira miliyan 10 a kan irin wannan keta sirri, kuma a 2023 Google ta hana manhajojin bashi shiga lambobi da hotunan masu amfani. Wanda ya ba ka lambarsa amana ya ba ka. Ba ka da hurumin musanya ta da data.

Yanzu mu zo kan tukuicin kansa. Ni dai ra'ayina a fili yake: wanda ya yi aiki a biya shi. Matashin da ya shiga rana ya zagaya rumfuna ashirin yana ɗaukar farashi, ya ƙona datarsa da cajinsa, ya cancanci haƙƙinsa, kuma abin kunya ne a ce kamfanin da zai sayar da rahoton da daloli ya sallame shi da abin da bai kai kuɗin mota ba. Akwai kuma masu bayarwa don Allah da kishin al'umma, kamar masu amsa tambayoyin U-Report na UNICEF, wanda aka fara a Najeriya a 2014, ko masu naɗar muryarsu da Hausa a shirin Common Voice na Mozilla don na'urori su iya harshenmu. Waɗannan ladansu shi ne su ga abin da suka bayar ya yi amfani, kuma ranar da suka daina gani za su daina bayarwa.

Sai dai kuɗi yana da illa biyu a wannan harka. Ta farko a kan aikin take faɗawa. In aka ce duk hoto ɗaya naira kaza, za a sami wanda zai zauna a gindin bishiya ya cike fom hamsin daga kansa, ko ya buɗe asusu biyar da layuka biyar. Don maganin wannan sai kamfani ya ce dole ka kunna bin sawu, ka ɗauki hoton fuskarka, ka kawo lambar shaidarka. Ka ga ha'incin wasu ya zama hujjar ƙara tatsar sirrin kowa.

Illa ta biyu ta fi muni, domin a kan hankalin mutum take faɗawa. Tukuici yana rufe bakin tambaya. A Janairun 2019 kafar TechCrunch ta gano Facebook yana biyan mutane 'yan shekara 13 zuwa 35 har dala 20 a wata don su saka wata manhaja da ke ganin kusan duk abin da suke yi a waya. Yaro ɗan shekara 13 me ya sani game da abin da ya sayar? A Kenya kuma, a tsakiyar 2023, dubban mutane sun yi dogon layi a Nairobi don kamfanin Worldcoin ya ɗauki hoton ƙwayar idonsu, a saka musu kuɗin kirifto a manhajar waya, kimanin shilin 7,000. Gwamnati ta dakatar da aikin ranar 2 ga Agustan shekarar. A Mayun 2025 babbar kotun ƙasar ta ba da umarnin a goge bayanan, ta kuma ƙi amincewa da yardar da aka samo ta hanyar kwaɗaitarwa da kuɗi. Wannan hukunci ya yi daidai. Ba na zargin waɗanda suka bi layin, domin mai yunwa ba ya karanta sharuɗɗa, kuma masu zuwa da irin wannan tayi sun san haka, shi ya sa suke zaɓar inda talauci ya yi katutu. Lambar sirrin banki in ta fita sai ka canza. Ƙwayar ido kuwa da ita aka haife ka, da ita za a binne ka.

Matasa masu neman ɗan abin kashewa ta waya, ku ba ni kunnenku a nan. A 2021 jaridar Wall Street Journal ta ruwaito cewa manhajar Premise, wadda ke biyan mutane a ƙasashe masu tasowa don ƙananan ayyuka kamar ɗaukar hoto da duba farashi, tana da kwangiloli da sojojin Amurka. A Fabrairun 2022 rundunar sojan Yukiren ta zarge ta da cewa Rasha na amfani da ita. Kamfanin ya musanta, amma ya dakatar da aiki a ƙasar. Ku dubi matsayin wanda ke ƙasa riƙe da waya. Shi ake gani yana ɗaukar hoton gada ko masallaci ko shingen bincike, shi kuma bai san wanda ya yi odar hoton ba. A Zamfara ko Katsina ko Borno, inda kalmar infoma kaɗai ke iya jawo wa mutum asarar rai, wane tukuici ne zai biya wannan? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Duk aikin da aka ce ka ɗauki hoton barikin soja, ko ofishin 'yan sanda, ko gidan wani, ko ka ƙirga masu shiga wani wuri, bar shi, ko nawa ne. Haka nan masu shirya tsarin kai rahoton hari ta waya su sani cewa in sunan mai rahoto ya fita, sun jefa shi ne a bakin kura.

Kada kuma a ce mana babu yadda za a yi. Dabarun tara bayani ba tare da tona asirin mai bayarwa ba sun daɗe. Tun 1965 wani masanin ƙididdiga, Stanley Warner, ya fito da tushen wata dabara mai sauƙi. Bari in kwatanta irinta. A ce ana son sanin yawan matasan da ke shan ƙwaya a wani gari, kuma babu wanda zai amsa da gaskiya. Sai a ba kowa jaka mai tsakuwa biyu, fara da baƙa, ya zaro ɗaya a ɓoye. In fara ce ya faɗi gaskiya. In baƙa ce ya ce "e" ko da bai taɓa sha ba. Yanzu duk wanda ya ce "e" babu mai iya kama shi, domin wataƙila baƙa ya zaro. Amma in mutum 1,000 suka amsa, an san kusan 500 tsakuwa ce ta sa su cewa "e". In aka sami "e" 600, ragowar 100 ɗin daga cikin 500 masu faɗin gaskiya suke, wato kusan kashi 20 cikin 100. An sami adadin gari, ba a san na kowa ba. Google ta yi amfani da jikar wannan dabara a manhajar Chrome a 2014, Apple ma ya shigo da makamanciyarta a 2016. Haka kuma mai neman farashin masara sunan kasuwa ya ishe shi, ba ya bukatar sanin ɗakin da kake kwana. In ya nace sai ya sani, to ba masara kaɗai yake saye ba.

Alƙawari kuwa, ko na gwamnati ne, yana iya sauyawa. Lokacin korona gwamnatin Singafo ta tabbatar wa jama'a cewa bayanan manhajar TraceTogether na bin sawun cuta ne kawai. A Janairun 2021 sai ta amsa a majalisa cewa 'yan sanda na iya karɓar su don binciken laifi. Jama'a suka yi ca, aka yi dokar taƙaita abin ga manyan laifuka. Bayanin da ba a tara ba shi kaɗai ne babu mai iya juya shi.

A Najeriya doka tana bayanka. A Yunin 2023 aka sa hannu a Dokar Kare Bayanai, aka kafa hukumar NDPC. Dokar ta ba ka haƙƙin a gaya maka dalilin karɓar bayananka da wanda za a ba, da haƙƙin janye yardarka, da neman a goge su, da kai ƙara hukumar. Bayanan yaro kuma sai da yardar iyaye. Babban kamfanin da ya saɓa ana iya cin tararsa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsa na shekara, duk wanda ya fi yawa. Nijar ma tana da dokarta tun 2017, da hukumar HAPDP. Amma doka ba ta aiki sai an kai mata kuka, kuma sharuɗɗan da aka rubuta shafi talatin da Turanci ko Faransanci ba yarda ba ce ga wanda ba ya jin harshen. Ƙungiyoyi da kamfanoni masu aiki a ƙasar Hausa, ku naɗi bayanin da murya da Hausa, minti ɗaya ya isa: ga abin da za mu ɗauka, ga wanda zai gani, ga ranar da za mu goge. Ku biya mutum ladan wahalarsa, kuma kada ku rage masa ko kwabo don ya ƙi ba ku abin da aikin bai bukata ba.

Kai kuma mai sauraro, da ke 'yar'uwa, in an gama shirin nan ku ɗauki wayar ku shiga saiti, wurin izinin manhajoji. Ku duba waɗanda ke ganin inda kuke, da lambobinku, da kyamara, da makirufo. Tocila ba ta da hulɗa da lambobin waya, wasan yara ba shi da hulɗa da inda kuke kwana. Ku cire musu izinin, wadda ba ku amfani da ita ku goge ta. Wadda dole sai ta san wuri, ku ba ta lokacin da kuke amfani da ita kawai. Lambar NIN da BVN da hoton fuska kada ku ba kowa don kati ko data. Iyaye, ku tambayi yaranku wace manhaja ce ke biyan su, kuma me take karɓa. Wanda bai iya duba saitin ba ya nemi ɗa ko ƙanen da ya amince da shi su duba tare, yau ɗin nan, kada a bari sai gobe.